Iskar tumbin rago a magazar Kaka

Wautar da na yi ƙarama ce, kuma ba wanda ya sa ni. Na ɗura abin da ke cikin tumbin raguna uku a bido mai lita ashirin da biyar, na ƙara ruwa, na murɗe murfin har yatsuna suka yi ja, na naɗe shi da robar taya, sannan na ɓoye bidon a ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsa da murhun Mama. Niyyata kuwa in rage wa duniya zafi. Shekaruna goma sha biyar a lokacin, wato bara, don kada ku zaci na daɗe da yin hankali.

Rabin laifin nawa ne, rabi na mushen da ke koya mana kimiyya a lakwal. Wata rana da tsakar bazara kuran ya tafi, fankar aji ta tsaya, muna narkewa kamar man shanu a kasko, sai ya rubuta kalma ɗaya a allo: metan. Ya ce zafin nan da ke dafa mu ba hayaƙin motoci kaɗai ke kawo shi ba. Akwai wata iska, ba a ganin ta, ita kanta ba ta da wari, tana fita daga cikin shanu da tumaki da awaki, daga juji, daga gonakin shinkafa na bakin kogi. In ta hau sama sai ta lulluɓe duniya kamar bargo, kuma ta fi hayaƙi riƙe zafi nesa ba kusa ba. Ya ce masana a ƙasashen waje suna ta neman hanyar tsamo ta daga sararin sama, amma ta riga ta watsu, kamar ka zuba cokalin gishiri a kogi ka ce a tsince maka shi. Abin da ya fi sauƙi, in ji shi, shi ne a tare ta tun ba ta tashi ba. Daga nan ya ce kafin hutu kowa ya kawo wani abu da zai nuna wa aji.

Na koma gida na tsaya gaban ragunan layya uku da ke ɗaure a tsakar gidanmu a unguwar Bobiel ta Yamai. Suna ta tuƙa, suna gyatsa, suna kallona. Na ce a raina, ashe ku ne.

Ranar sallar layya aikina ɗaya ne kowace shekara. Manya na feɗewa, suna baje ragunan a kan sanduna, suna jera su kewaye da wutar da duk layinmu ke haɗuwa a kai, ni kuwa a miƙo min tumbi in kai bayan gida in zazzage a rami. Aikin da ba wanda ke so ke nan. A wannan shekarar da gudu na karɓa, har Baba ya bi ni da kallo. Na yanke gindin wata gorar roba na yi mazurari, na ɗura komai a bido, na bi shi da ruwa don ya wuce. Lissafina shi ne iskar da za ta fita daga wannan ƙazanta ta hau sama, yanzu tana hannuna. Zan kai ta aji in ajiye a teburin mushe in ce ga ta nan na kama.

Wurin ɓoyewa ne ya rage. Muna da ƙaramin ɗakin ajiya da muke kira magaza, rufin kwano, ba taga, sai wasu ƴan huji a saman bangon da ya raba shi da kicin. Tsofaffin akwatunan Kaka ne a ciki da tabarmi da tukwanen biki. Duk shekara ƙofarsa a buɗe take, ko kaza na shiga ta yi ƙwai. Na tura bidon bayan wani akwati, na ce gobe in san inda zan kai shi.

Gobe ta zo, ita ce ranar suya. Mata suka wuni suna soya naman da zai kai mu watanni, ni kuma na wuni ina kewaya su kamar shirwa. Na manta da bido, na manta da duniya da zafinta. Da la'asar Kaka, mahaifiyar Baba, ta sa aka cika manyan kwalla biyu da soyayyen nama aka kai magaza. Sai na ga ta ciro sabon kwaɗo daga jakarta.

“Wannan saboda kai na saye shi, maigidana,” ta ce da ni, tana murmushi. “Bara kafin in ɗaga ido ka cinye min cinya guda. Mijin da ba ya kawo cefane sai sata.”

Kowa ya yi dariya, har da ni. Ta datse kwaɗon, ta ɗaure makullin a haɓar zanenta. Na ce ba komai, da safe in ta buɗe don ɗiban na miya zan faki idonta in ja bidona. Da safen aka bugo waya daga Maradi cewa ƙanwarta ta rasu. Kafin in dawo daga lakwal Baba ya riga ya sa ta a mota. Ta tafi da zanenta, da haɓarsa, da makullin.

Kwana biyu ban damu sosai ba. A na uku na kwanta rub da ciki a ƙofar magaza na leƙa ta ƙasan ƙofa. Abu biyu na gani. Na farko, gefen bidon da ke leƙowa daga bayan akwati ba a miƙe yake ba kamar yadda na bar shi. Ya yi tulu, kamar akuya mai cikin tagwaye. Na biyu, na gan shi ne saboda ƙwan lantarkin ɗakin a kunne yake. An bar shi a kunne ranar suya, kuma makunnin yana ciki.

Washegari bayan darasi na bi mushe har inda yake ajiye babur ɗinsa. Na ce masa wani yaro ne a unguwarmu, ba shi da wayo sosai, ya yi kaza da kaza. Ya saurara, sannan ya yi dariya har ya riƙe kan babur. Ya ce ai yaron bai kama metan ba, masana'antar metan ya buɗe. Kashin dabba in ya bushe a rana ba wata iskar kirki da yake fitarwa. Sai an jiƙa shi an toshe shi a wuri mai zafi ne yake yin ta da yawa, kuma da haka ne ma wasu ke samun gaz ɗin girki. Na tambaye shi, da muryar da na so ta fito kamar ta mai neman ilimi, ko irin wannan gaz ɗin yana kama wuta. Dariyar ta tsaya.

“A ina yaron ya ajiye shi?”

“A wani ɗaki. A rufe.”

“To ka gaya wa yaron nan ya fitar da shi fili yau ɗin nan. In ya taru a ɗaki a rufe, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.”

Ya dube ni ya ƙara da cewa in gaishe masa da yaron.

Tun daga ranar na daina zama mutum. Mama na girki sau uku a rana, da gaz, a daidai ƙarƙashin hujin nan na bango. Duk sanda ta ƙyasta alimeti sai in ji numfashina ya tsaya har sai na ga wutar ta zauna shuɗiya a ƙarƙashin tukunya kuma rufin gidan yana nan inda yake. Ga kuran ɗin Yamai da ba shi da alkawari. In ya tafi sai in yi hamdala, in ya dawo yaran unguwa na ihun murna, ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙasan ƙofar magaza, inda hasken ke ƙiftawa sau biyu kafin ya tsaya. Kowace ƙiftawa sai in ga kaina maraya.

Na gwada dabaru. Na lanƙwasa wata doguwar waya na zura ta ƙasan ƙofa don in ja bidon ko in huda shi, sai na tuna ƙarfe na iya yin tartsatsi, na janye ta a hankali kamar mai zare ƙaya daga ido. Na gwada makullan gidan duka a kwaɗon, har da na babur ɗin Baba. Na ce wa Mama ni fa shinkafar gawayi nake marmari, ta gaz ba ta da daɗi, kuma da kaina zan hura mata wutar can gindin bishiyar bedi a ƙarshen gida. Ta yarda rana ɗaya. Rana ta biyu ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, don tun da ta haife ni ba ta taɓa ganin na nemi aiki da bakina ba.

Me ya hana ni faɗa? Na tambayi kaina wannan sau dubu. Kullum sai in ce bari in ga gobe, wataƙila Kaka ta dawo, wataƙila bidon ya gaji ya saki. Kuma ta ina zan fara? In ce Mama, kin san abin nan da kuke ba ni in zubar, to na adana muku shi kusa da naman shekara? Ina tsoron wuta, ina tsoron Baba, kuma kowace safiya tsoron Baba ne ke rinjaye da ɗan kaɗan.

A aji ba na jin komai. Kujerata na kusa da taga, sai in wuni ina duban arewa, wajen Bobiel, ina neman baƙin hayaƙi. Wata rana tayar wata babbar mota ta fashe a titi, na miƙe tsaye a tsakiyar darasin lissafi na ce inna lillahi, aji duka suka kwashe da dariya. Abinci ma ya daina shiga. Ni da ake ɓoye wa tukunya, sai ga shi ana roƙona in ƙara loma. A raina na riga na ga komai: kwanon rufi ya tashi sama ya sauka can unguwar Yantala, maƙwabta sun taru, ana tambayar wa ya yi wannan aiki, ni kuma ina tsaye da jakar lakwal. Wannan ɓangaren nakan ƙara masa gishiri in ina ba abokaina labari. Abin da ba na ƙara wa komai shi ne bayan Mama, a duƙe gaban murhu, da ƙanwata ƴar wata takwas goye a kai.

A rana ta bakwai wari ya fara fitowa. Ba metan ɗin ba ne, mushe ya ce shi ba ya wari. Sauran abin ne ya samu hanya ta bakin murfi. Wato bidon ya fara saki, kuma abin da yake saki yana taruwa a ɗakin. Ranar Asabar ce, ina gida. Mama ta shinshina ta ce ko ɓera ne ya mutu a magaza, Allah ya sa ba naman Hajiya, wato Kaka, ne ya lalace ba. Ta shiga ɗaki. Ina zaune ina kallon littafi ba tare da na ga harafi ko ɗaya ba, sai na ji ƙamshi. Na ɗaga kai. Ga ta nan ta fito da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, hayaƙi na tashi, ta nufi ƙofar magaza za ta ajiye shi a daidai ƙasan ƙofa don ƙamshin ya shiga ya kore warin.

Ban san lokacin da na tsallake tsakar gidan ba. Na damƙe kaskon da hannu biyu, ba ta gindi ba, ta baki, na yi jifa da shi can wajen makewayi. Garwashi ya watsu a ƙasa. Ƙanwata ta fasa kuka. Mama ta tsaya da hannunta a miƙe kamar har yanzu kaskon na ciki.

“Kai, lafiyarka?”

“Mama, kada ki kunna komai. Don Allah. Akwai gaz a ciki.”

“Wane gaz? Tukunyar gaz ɗinmu ga ta can.”

“Nawa ne. Ni na yi shi.”

Na faɗa mata duka, ina kuka, tafin hannuna na tashi ƙuraje. Ba ta gane rabin bayanin ba, musamman wajen ceton duniya, amma ta gane tumbi, ta gane bido, ta gane wuta. Ba ta mare ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tsoma hannuwana a bokitin ruwa, ta gyara goyonta, ta fita ƙofar gida ta kira Baba a waya daga can.

Baba ya dawo ya kashe kuran ɗin gidan gaba ɗaya daga wajen mita, ya sa aka kai tukunyar gaz gidan maƙwabta. Ya kwanta da rigarsa mai guga ya haska ƙasan ƙofa da fitilar waya, ya daɗe, sannan ya tashi ya kakkaɓe ba tare da ya dube ni ba. Na zaci zai ɗauko guduma. Amma kwaɗon na mahaifiyarsa ne. Mutum mai furfura, wanda ake miƙe wa tsaye a wurin aiki, ya tsaya gaban ɗan ƙaramin kwaɗo ya ce ba zai fasa ba sai ya nemi izini.

Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar. Sai da ya sake yi mata ta'aziyya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ji kamar bidon na ƙara girma da kowace gaisuwa. Da ya zo kan magana ya yi bayani da ladabi. Ta tambaya ko ina kusa.

“Ina nan, Kaka.”

“Maigida, wannan karon ka yi ƙoƙari. Iska a bido. To ka gaya wa iskar ta jira ni, ni ma ina son ganin ta.”

“Inna, ba wasa ba ne,” in ji Baba. “Na gani da idona. Yaron ma ya ƙone hannu.”

“Wurin satar me?”

Sai da Mama ta karɓi wayar ta rantse mata sannan muryar Kaka ta sauya. Duk da haka ta ce kada a fasa mata kwaɗo, kada a ɓalle mata ƙofa, gidan ba na ɓarayi ba ne. Za ta ba direban motar safe makullin, a je tasha a karɓa. Baba ya ce to, Inna.

Ana cikin haka maƙwabcinmu mai walda, wani Bazabarme mai son taimako, ya ji labari ya shigo da injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa minti ɗaya ya yanke kwaɗon, Hajiya ba za ta sani ba, ya mayar mata da irinsa. Na tsaya a ƙofar magaza na baje hannuwana masu ƙuna, na ce sai dai ya fara yanka ni. Baba ya yi masa godiya, ya tuna masa cewa ko ba komai kuran a kashe yake. Mutumin ya tafi yana cewa yaran yanzu karatu ya yi musu yawa.

Muka kwana ba wuta ba fanka, muka wuni washegari muna jira. Daga Maradi zuwa Yamai tafiyar yini ce, kuma ranar ta fi kowace rana da na sani zafi. Kwanon rufin magaza na ƙara yana buɗewa, kowace ƙara sai in zabura. Mama da ƙanwata suna gidan maƙwabta. Baba ya zauna a kujera a gindin bedi, ni ina tabarma nesa da shi kaɗan. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko maki nawa ake bayarwa a wannan aikin na aji. Na ce ban sani ba. Ya kaɗa kai.

Da la'asar sakaliya ya je tasha ya dawo da ambulan. Makullin na ciki, naɗe a wani yanki na tsumma, an ƙulle shi ƙulli uku. Ya ce in tsaya baya. Na ƙi, na ce ni na sa shi ni zan fitar. Ya dube ni, ya dubi hannuwana da ke naɗe, ya ce da wane hannun. Ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙofar da ƙafa, muka ja da baya muka bar ta a buɗe kusan rabin awa. Warin da ya fito ya kori kajin gidan har waje.

Sannan ya shiga. Na ji yana jan akwati. Ya fito da bidon rungume a cikin jiƙaƙƙen buhu, fuskarsa a juye gefe, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da jariri mai barci. Bidon ya zama ƙwallo, ko zama ba ya iya yi a kan gindinsa. Na bi shi a baya har kangon da ke bayan layinmu, yaran unguwa na biye da mu daga nesa. Ya kwantar da shi a ƙasa, ya warware robar, ya murɗa murfin kaɗan.

Bai fashe ba, kuma ba abin da ya kama wuta. Ya yi tsaki mai tsawo, ya fesa wa Baba ƙazanta a wando, ya lotsa ya koma siffarsa. Duk iskar da na tara ta hau sama. Sauran abin muka haƙa rami muka binne. Naman bai lalace ba, amma da Kaka ta dawo bayan kwana huɗu ta shinshina ta ce ya ɗauki wari, ta rabar da kwalla ɗaya sadaka. Hannuwana sun warke cikin mako uku, kuma ban kai komai aji ba.